Yadda za ka tayar da tsohuwar Fijo akori-kura har ka sa mata AC mai sanyi

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san akori-kura ba baƙuwa ba ce, a nan Kakuri kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo tun 1975, kuma Fijo samfurin 504 ta daɗe tana fitowa daga can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawan da suka ƙirƙiro ta sun daina yin ta a ƙasarsu. Ita ta yi dakon masara da tumatir da bulo da kayan amare, har yanzu in ka leƙa bayan gidaje a Tudun Wada ko Kawo ko Rigasa za ka ga wata an jingine ta a kan duwatsu kaji na kwana a ƙarƙashi. Irin waɗannan motocin da yawa ba mutuwa suka yi ba, gajiya aka yi da su, kuma za su tashi tsaf su yi sanyi a ciki in an bi aikin yadda ya kamata. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne AC shi ne aikin ƙarshe. Mutane na ɗokin sanyi sai su fara da sayen kwamfiresa, wato famfon da ke tura gas ɗin AC, alhali bodi duk huji ne, lagireto ya toshe, waya ta tsufa, sai a ƙare da mota mai tafasa a go-sulo da kuɗin da aka zubar a banza.

Ka fara da zaɓen motar in ba ta gado ba ce a gida. Kada fenti ya ruɗe ka. Ka tafi da tocila da ƙaramin maganaɗisu da sukundireba, ka kwanta ƙasa ka duba shasi tun daga gaba har baya, musamman inda sufirin na baya ya kama, don nan ne lodi ya fi cin mota, in ka ga tsagewa ko tsohuwar walda a kan wata waldar to ka yi tunani sau biyu. Ka ɗaga ledar ƙasa ka duba inda direba ke ɗora ƙafa, ka duba ƙarƙashin batir inda ruwan batir ke cin ƙarfe, da gindin ƙofofi, da kewayen gilashin gaba, da kwanon baya inda taki da gishiri suka sha kwana. Maganaɗisun kuma ka bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa fila ce aka cusa ba ƙarfe ba. Inji ana gyarawa, giya ana canzawa, amma shasin da tsatsa ta cinye ko ya karkace saboda hatsari ba abin da zai mayar da shi daidai cikin sauƙi, gara ka ƙara kuɗi ka sayi mai lafiyayyen ƙashi ko da injinta ba ya tashi. Sannan takardu, ka tabbata lambar shasi da ta inji sun yi daidai da abin da ke rubuce, a yi takardar ciniki da shaidu, a yi canjin suna, kada ka kashe miliyoyi a kan motar da wani zai zo gobe ya ce tasa ce.

In ta shigo hannu, kafin a kwance ko noti ɗaya ka ɗauki hotuna da wayarka ta ko'ina, kowace waya, kowane tiyo. Notuka da ƙananan kaya a zuba su a leda ana rubuta inda aka cire su, domin aikin nan yakan ɗauki watanni kuma yaran gareji ba za su tuna ba. Abubuwa kamar fitilu na asali da tambarin zaki da hannun ƙofa da mitar dashbod ka kwashe su ka kai gida, samunsu yanzu sai an sha yawo a kasuwannin kayan mota na Panteka da Ori Apata, wani lokaci ma sai an saro wata matacciyar motar.

Wajen mai gyaran bodi magana ɗaya ce, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a sa sabo, ba a shafe da fila a rufe ba. Masu walda a Panteka sun iya lanƙwasa faranti ya fito kamar na kamfani in ka ba su lokaci kuma ka biya haƙƙinsu. Bayan walda a goge har sai farin ƙarfe ya fito, a sa firama mai hana tsatsa, a bi duk gaɓoɓin da abin toshe kafa, a fesa baƙin ƙarƙashi. Kuma tun a nan za ka zauna da mai AC ɗinka ku yanke inda tiyo za su ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, da inda ruwan AC zai riƙa ɗiga, a huda kafin fenti. In aka huda bayan an yi fenti, bakin hujin nan ne tsatsa za ta fara a damina ta farko. Fenti kuma in da hali a kauce wa tsakiyar hunturu sai dai in mai fentin yana da rufaffen ɗaki, ƙurar Disamba da Janairu tana zama a kan ɗanyen fenti. Launi ni dai fari ko ruwan madara nake ba da shawara, ko ba komai rufin sama ya zama fari, baƙar mota a ranar Maris da Afrilu ta Kaduna aiki biyu take ba AC.

Yanzu inji, nan ne nake so a daɗe. Injin fetur na 504, ko 1.8 ko 2.0, gangar jikinsa ƙarfe ce amma kansa, wato top silinda, alminiyom ne, kuma silindojin hannun riga ne da ake zarewa, ruwa na zagaye su kai tsaye. Ma'anar wannan ita ce injin yana da juriya sosai kuma gyaransa da sauƙi, amma ba ya son tafasa ko kaɗan, in ya yi zafi fiye da kima kan ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. To AC kuwa zafi yake ƙara wa inji ta hanya biyu, kwamfiresa na jan ƙarfin inji, kwandensa kuma, wato mai fitar da zafin gas ɗin AC, tana zaune gaban lagireto tana hura masa iskar da ta riga ta ɗumama. Saboda haka kafin maganar sanyi sai a auna kwamfireshan na kowace silinda, in sun bambanta sosai a buɗe a canza ringi da hannun riga, a kai kan wajen masu injin gogewa a duba ko ya miƙe. Lagireto a buɗe shi a wanke, in ya tsufa a canza masa ciki da mai layi uku ko a sa sabo mai kauri. Famfon ruwa sabo, tiyo sababbi, murfin lagireto sabo don shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa.

Akwai al'adar nan ta cire tamostat a jefar wai ƙasarmu da zafi. Don Allah a mayar da shi. Shi ke sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya tsaya a nan, in babu shi da asubar hunturu inji na aiki a sanyaye yana shan mai yana cin kansa. Kuma a daina zuba ruwan rijiya zalla, a sa ruwan kulant, shi ke hana tsatsa da cin alminiyom. Fankar asali ta Fijo tana da wani kuloci na lantarki da ke kama ta in inji ya yi zafi, a yawancin tsofaffin motocin an riga an ɗaure ta tana juyawa kullum, wannan ba laifi, amma duk da haka ita kaɗai ba za ta wadatar ba in kana tsaye a cunkoson Ahmadu Bello Way inji na sulo, dole a ƙara fankar lantarki.

Kafireto a wanke a canza kayan cikinsa, sannan in za ka ji tawa ka cire kwantak na distiributa ka sa na lantarki, mota za ta riƙa tashi bugu ɗaya, sulo ya daidaita, ka huta da gyaran kwantak kowane wata. Wasu na cire injin Fijo gaba ɗaya su dasa na Toyota. Ana yi kuma yana tafiya, amma ni in gangar injin asali na da lafiya ban ga dalili ba, makanikan da suka san injin nan ciki da waje suna nan da ransu a garin nan, wasu ma a kamfanin suka koyi aiki. In dai ka canza, ka je a gyara lambar inji a takardu kafin 'yan KASTLEA masu kula da dokokin titi a Kaduna su tare ka.

Sai wuta. Wayoyin motar da ta shekara talatin ko arba'in robarsu ta bushe, an yanka an ɗaura an naɗe da salatif ba adadi, kuma gobarar tsofaffin motoci yawanci daga nan take tashi. Ka samu rewaya mai haƙuri ya zare su duka ya ja sababbi, da akwatin fiyus na zamani. Altanetar asali ƙarama ce, an yi ta ne don fitila da hon da waifa. AC zai zo da fankar ciki mai cin wajen amp 10 zuwa 15, fankar kwandensa ita ma kusan haka, kulocin kwamfiresa amp 3 zuwa 4, in ka haɗa da fitilun dare ka ga lissafin ya wuce ƙarfinta. Ka nemi mai amp 80 ko 90, a ƙara kaurin wayar da ta tashi daga ita zuwa batir, a gyara wayar as ta inji da ta bodi. Kowace fanka da rile nata, wato ƙaramin makunnin da ke ja mata wuta daga batir, da fiyus nata. Duk rewayan da ya ce zai ɗaura siririyar waya a madadin fiyus, ka karɓi makullinka.

Abu na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa kuma shi ke raba motar da ke sanyi da wadda ke fama, wato toshe zafi. Gidan direba na akori-kura ƙarami ne, wannan alheri ne don sanyaya shi ba wuya, amma ƙarfe ne zalla, rana na dukan rufi, inji na turo zafi ta gaba, salansa na gasa ƙasa. Sa AC a cikinsa haka nan kamar zuba ruwa ne a kwando. A manna abin hana zafi mai fuskar alminiyom da soso a rufi, da bangon inji, da ƙasa, da bayan kujera, da cikin ƙofofi ba tare da an toshe hujin da ruwan sama ke fita ba. Robobin ƙofa da na gilashi duk a canza, duk wani huji da waya ko kebul ya ratsa a sa masa roba. Kuma a nan akwai maganar rai, tunda yanzu za ka riƙa tafiya gilashi a rufe, dole salansa ya zama ba ya yoyo ko kaɗan tun daga manifol har bututun baya. Hayaƙin inji na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci da ciwon kai, tana kisa. Kada a yi wasa da wannan.

To yanzu AC ɗin kansa. Tunda motar ba ta zo da shi ba, mafi sauƙi shi ne irin wanda ake ratayawa a ƙarƙashin dashbod, akwati ɗaya ne da ifaforeta mai sanyaya iska da fanka da makunni a ciki, kuma ya dace da fasalin tsohuwar mota ba sai an farfasa dashbod ba. Ka auna wurin kafin ka saya, kada ya tokare gwiwar fasinja ko sandar giya. Kwamfiresa ka nemi irin Sanden, 508 ko 709, su ne aka fi samun kayansu, sai dai jabu sun cika kasuwa, in ba ka samu sabo na gaske ba gara ɗan Beljiyam mai kyau wanda aka gwada a gabanka. Kwandensa kuwa ka sa mafi girman da wurin zai ɗauka, irin ta zamani mai siraran layuka a kwance, ta fi tsohuwar mai lanƙwasasshen bututu fitar da zafi nesa ba kusa ba, kuma a garinmu girman kwandensa ya fi girman kwamfiresa amfani. A bar ɗan tazara kamar faɗin yatsa tsakaninta da lagireto, a toshe gefuna da soso don iska ta ratsa ta ciki ba ta zagaye ba. Gas mai zafi ta sama yake shiga, ya fita ta ƙasa, in aka juya ba za ka taɓa samun sanyin kirki ba.

Wurin da aikin ya fi lalacewa shi ne ƙarfen da ke riƙe kwamfiresa a jikin inji. Dole a ƙera shi, a yi shi da faranti mai kauri, milimita 6 ko fiye, ya kama inji a wuri uku aƙalla, kuma fulin kwamfiresa ya yi layi ɗaya cif da na kiranshaf, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a gani ba da ido kawai ba. In ya kauce ko kaɗan bel zai riƙa kuka yana tsinkewa, beyarin ya mutu. A samar wa kwamfiresa bel nasa daban da abin ɗaure shi, kada a rataya shi a kan bel ɗin famfon ruwa, don ranar da kwamfiresa ya cije kada ya tafi da sanyin inji. Sannan a sa ɗan abin da ke ɗaga sulo in AC ya kama, in ba haka ba mota za ta riƙa mutuwa a kowane shataletale.

Tiyo a yi sababbi na gas ɗin zamani, a matse bakinsu da injin matsewa, ba kilif na tiyon ruwa ba. A nisanta su da manifol, a ɗaure su kada su riƙa gogar ƙarfe. Robobin gaɓa koraye ake sa wa, a shafa musu ɗan man kwamfiresa kafin a ɗaure. Diraya, wato ɗan tulun da ke tsotse danshi daga gas, sabuwa dole, kuma ita ake buɗewa a ƙarshe don tana shan danshin iska da zarar an cire murfinta, akwai kibiya a jikinta da ke nuna hanyar gas, daga kwandensa zuwa cikin mota. Kada a manta da makunnin matsi wanda ke kashe kwamfiresa in gas ya ƙare ko matsi ya yi yawa, akwai mai kunna fanka ma da kansa, kuɗinsa kaɗan ne amma shi ke ceton kwamfiresa.

Maganar gas. Tsofaffin motoci R12 suke amfani da shi, an daina yin sa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, yanzu R134a za ka sa, da mansa da ake kira PAG. Man tsohon gas ba ya tafiya da sabon, in kwamfiresarka ta gwanjo ce a juye man ciki a zuba sabo daidai awo. Kafin a zuba gas a gwada yoyo da nitirojin, sannan a ja iska da injin bakyum aƙalla minti 30 zuwa 45, a kashe a jira a ga ko allura za ta motsa. Mai AC ɗin da ya ce ba sai an yi bakyum ba, zai ɗan saki gas ya kore iskar, ba shi za ka ba aikinka ba, danshin da ya rage a ciki shi ke daskarewa ya toshe bawul, ya kuma zama asid ya ci kayan daga ciki. Gas a zuba da sikeli, yawansa ba ya ƙara sanyi, matsi kawai yake ƙarawa. Ka sayi gas a wurin da ka yarda da shi don akwai jabu da ake gaurayawa da wasu sinadarai masu cin alminiyom, kuma kada ka bari a zuba maka gas ɗin firij R600a, mai kamawa da wuta ne.

In an gama a sa ma'aunin zafi a bakin iska, da rana tsaka, gilashi a rufe, inji na ɗan gudu. In kana samun digiri 6 zuwa 10 aiki ya yi. Ka bar ta a tsaye tana sulo minti 20 da AC a kunne kana kallon allurar zafin inji, sannan ka hau hanyar Zariya ka dawo ka shiga cunkoson cikin gari. In allura na hawa a tsaye tana sauka a guje, iska ce ba ta isa ba, a duba fanka. In tana hawa a guje, lagireto ne ya yi kaɗan ko taimin bai zauna ba. Ka leƙa ƙasa ka ga ruwa na ɗiga a waje, in ba ya ɗiga to yana taruwa ne a kan sabon ƙarfen da ka biya aka walda.

Sauran gyare-gyaren ba su da wahalar bayani amma birki ya fi rediyo muhimmanci. Masta, wato famfon birki, sabuwa, tiyon birki na roba duk a canza, bututun ƙarfe in sun yi tsatsa su ma, a zuba sabon man birki. Shokozoba da bushin da tayarod a sabunta. Taya ka sa mai ɗaukar lodi, ka duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, tayar da ta haura shekara biyar ko shida a bar ta ko da zanenta bai cinye ba. A sa bel na kujera mai kama kafaɗa da ƙugu, a ɗaure shi a ƙarfe mai kauri. Fitilu in aka ja musu rile kai tsaye daga batir haskensu na ƙaruwa sosai ba sai ka cusa farin ƙwan nan mai makantar da masu tahowa ba. Wasu na sa giya biyar ta 505 don doguwar hanya, tana rage kukan inji da shan mai, amma sai an auna furofela da mazaunin giyar da kyau. Wurin cajin waya da rediyo mai Bluetooth a ɓoye su a inda ba za su ɓata fuskar dashbod ba, kuma ka ajiye abin kashe gobara a bayan kujera inda hannu zai kai.

Kuɗi kuwa ka raba aikin mataki-mataki, ka riƙa sayen kaya da kanka ko ka je tare da makaniken, ka biya kowane mai aiki rabi, sauran sai ka ga aiki. AC zai ƙara maka shan mai, wannan ba makawa, da tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023 ya kamata ka sa shi a lissafi. Bayan ta hau titi, lokacin ƙura ka riƙa wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi duk mako biyu, ka duba ɗaurin bel, kuma ko a cikin sanyin Janairu ka kunna AC na minti goma sau ɗaya a mako don mai ya zagaya robobin kada su bushe gas ya tsere.